Takardar Gadi da Mazarƙwailar Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis da aka tara mu a barandar ofishin hakimi a Karaye, ko da yake na sha roƙon Allah ya cire mini ita daga rai. Ga shi yau na yi furfura, haƙoran gaba sun zube, na manta sunayen mutane da yawa da suka yi mini alheri, amma wannan rana tana nan daram. In na tuna ta ina cikin cin tuwo, sai in ajiye lomar.

Shekarar ce da ruwa ya ɗauke mana tun dawa ba ta fid da kai ba. A Kwanyawa, gyaɗar da muka tuge in ka girgiza kwansonta ba ka jin motsin komai a ciki. Mahaifina ya riga ya rasu, gida yana wuyana, ga Inna ga ƙannena mata biyu, rumbu kuwa ko ba a leƙa ba an san ba zai kai mu bazara ba. Abokina Sule, wanda muka tashi tare tun muna yawo ba wando, halinsa ya fi nawa tsanani. Matarsa Ladi tana da tsohon ciki, shi kuma ba shi da uba, ba shi da wani babba a gida. Ana cikin haka labari ya zo cewa wani kamfanin sayen auduga da gyaɗa mai sito a Rogo yana neman masu gadi mutum huɗu. Amfanin gona bai yi ba, amma akwai buhuna da sikeli da taki a sito, kuma a shekarar yunwa ko ƙyauren langa-langa ba ya tsira.

Da can gadi ba ya bukatar komai. Mutum ya zo da kwari da baka, a nuna masa ƙofa, shi ke nan. To bayan an gama yaƙin basasa sai aka fito da sabon tsari, wai ba mai tsaron dukiyar kamfani sai yana da takardar izinin gadi mai hatimi. Kafin a ba ka ita sai ka kawo hoto biyu, ka je wurin 'yan sanda su dangwala yatsunka goma, malamin asibiti ya duba idonka da ƙirjinka, dagaci ya rubuta cewa ya san ka. Sannan a samu magidanci mai gida da gona ya tsaya maka, ya dangwala yatsansa a ƙasan takardarka. A ƙarshe kuma a rantsar da kai. (Rantsuwar ba ta cikin tsarin da ya zo daga birni. Wakilin kamfanin ne ya ƙara ta, ya ce mutanenmu ba sa tsoron takarda.)

A cikin masu nema daga wajenmu ni kaɗai na yi firamare, don haka ni nake karanta wa kowa takardar dokokin aikin. Goma sha ɗaya ne. Ban da barci, ban da barin ƙofa ko salla za ka yi sai abokin aiki ya karɓe ka, ban da taba kusa da auduga, ban da tara baƙi, ban da bindiga sai mai lasin, usur da kulki kuma kullum suna jikinka. Sauran mutane sau ɗaya suka saurara suka ce to. Ni kuwa haddace su na yi, har nakan sa ƙanwata ta riƙe takardar ta duba ko na yi tsallake, alhali ba ta san ko baƙi ɗaya ba.

Haka Allah ya yi ni. Hoton ma sau biyu na zauna wa mai hoto a kasuwar Karaye, don a na farko kunnena na hagu bai fito sosai ba, takarda kuma ta ce a ga kunnuwa biyu. A asibiti, malamin ya gama duba ni ya ce lafiyata lau, har ya ɗauki alƙalami, sai na ce masa ina ƙarami na taɓa yin dundumi na wata guda. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Na tambaye ka?"

Na ce a'a.

"To tashi ka ba na bayanka wuri."

Wanda ya tsaya mini shi ne Kawu, wan Inna, da ke Ruwan Bago. Mutum ne mai fadamar rake, yana da injin matsa irin wanda doki ke juyawa, duk rani yana dafa mazarƙwaila ana zuwa saye har daga nesa. Bai iya boko ba, amma ya san nauyin yatsansa. Da na kai masa takardata ya dangwala ba musu. Da na miƙa masa ta Sule, sai ya riƙe hannunsa.

"Wannan yaron ba jinina ba ne. Ka san shi?"

"Kamar yunwar cikina, Kawu. Ai kun san shi, ya taɓa yi muku aiki."

"Aiki daban, hali daban. Amma tunda kai ka kawo shi." Ya dangwala.

A hanyar komawa ne doka ta goma sha ɗaya ta faɗo mini a rai. Na karanta ta ya fi sau hamsin, amma sai a ranar na ji ta. Cewa ta yi, duk wanda aka gano ya ɓoye laifin ɗaukar kayan mutane za a ƙwace takardarsa, wanda ya tsaya masa kuma shi zai amsa a gaban alƙali.

Ga dalili. Shekara tara kafin nan, muna samari, ni da Sule mun yi wani rani muna yi wa Kawu sarar rake. Wata Juma'a kowa ya tafi masallaci, muka ga kwando guda na mazarƙwaila an ajiye a rumfa tana hucewa. Muka ɗauke shi muka tura cikin rake. Kwana biyar muna ci har haƙoranmu suka mutu, ragowar muka raba wa 'yan mata a dandali muna hura hanci. Kawu ya nemi kwandonsa bai gani ba, zarginsa ya faɗa kan wani ɗan ci-rani mai suna Mamman, wanda ke iza wutar kasko. Ya sallame shi a gaban kowa. Mamman bai yi gardama ba, ya naɗe tabarmarsa ya saɓa ya kama hanya. Ina tsaye da adda a hannu na bi shi da kallo har ya ɓace, bakina yana ɗanɗanon zaƙi.

Na daɗe da tura wannan magana can ƙasan zuciya. Yanzu ga ta ta taso, ga rantsuwa saura kwana uku.

Na sami Sule a gonarsu yana tattara karan da bai yi komai ba. Na zauna a kan kunya na faɗa masa damuwata. Ya yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Ɗan boko, kai fa ba ka da aiki. Wa ya tuna da wata mazarƙwaila?"

"Alƙur'ani fa za mu dafa, Sule."

"To me? Aiki muke yi masa, muka ɗanɗana abin da muka sara da hannunmu. Wannan ci ne, ba ɗauka ba ne."

"Kwando guda?"

"Muna da ciki a lokacin." Sai ya daina dariya, ya matso. "Ka ji, Ladi watanta ya tsaya. Jiya kunun ƙanzo muka sha muka kwanta. Don Allah ka riƙe bakinka kwana uku kacal. In mun sami aikin, ka je ka yi ta tuba har ka gaji, ni zan raka ka."

Na ce masa to. Wallahi da zuciya ɗaya na ce to ɗin.

Da ina da hankali, a cikin kwana ukun nan sai in hau keken maƙwabci in je Ruwan Bago, in sami Kawu shi kaɗai a zaure in faɗa masa. Ya yi faɗansa, ya yafe ko kada ya yafe, magana ta mutu a tsakaninmu. Na yi wannan tunanin. Har na kai bakin gari sau ɗaya, sai na tuna fuskarsa in ransa ya ɓaci, na juyo. (Wato na ji tsoron mutum ɗaya a cikin zaure, na ajiye maganar sai gaban mutum sittin. Irin dabarata ke nan.)

Ranar Alhamis da hantsi muka hallara. Masu nema mun kai ashirin, an jera mu a rana. Waɗanda suka tsaya mana suna zaune kan tabarmi a inuwar baranda, Kawu yana cikinsu da babbar rigarsa ta zuwa Idi. Ga kuma 'yan kallo, don a shekarar mutane ba su da abin yi. Akwai tebur, magatakarda yana zaune da hatimi. Kusa da shi wani tsohon soja ne mai ɗingishi da ake kira Saje, shi zai shugabanci masu gadin, shi kuma ke zaɓe. A gefe an shimfiɗa buzu, wani dattijon malami daga cikin gari yana zaune da Alƙur'ani a gafaka.

Tsarin mai sauƙi ne. A kira sunanka, ka nuna takardunka, Saje ya dube ka sama da ƙasa. In ya gyaɗa kai sai ka durƙusa gaban Malam, ka ɗora hannu, ka maimaita cewa ba ka taɓa ɗaukar kayan wani ba tare da saninsa ba, kuma ba za ka ci amanar sito ba. Magatakarda ya buga hatimi. Wanda aka fara bugawa wani ƙato ne da duk kasuwar da ya shiga sai masu kaji sun jawo kejinsu kusa. Ya rantse cikin ƙiftawar ido, ya tashi yana gyara hula. Na biyu wani maharbi ne. Na uku Sule. Na ji muryarsa ba ta ko rawa. Hatimi ya sauka, ya karɓi takardarsa yana hura mata iska don tawada ta bushe, ya juyo ya kashe mini ido.

Saura gurbi ɗaya, aka kira ni.

Kafin nan na yi alwala sau uku, don duk wadda na gama sai in ji kamar ban shafi kunne ba. Saje ya karɓi takarduna, ya ga komai a jere cikin tsumma mai tsabta. Ya tambaye ni ko na san dokokin aiki. Na zubo masa su goma sha ɗaya ba numfashi. Ya dubi magatakarda ya ce, "Wannan ai shi zai riƙe mana littafin ƙofa." Na hango Kawu yana gyaɗa kai, na kusa da shi yana ce masa wani abu yana murmushi. Aiki ya zama nawa. Abin da ya rage in durƙusa in faɗi jimla biyu.

Na durƙusa. Na ɗaga hannu. Hannun ya tsaya a sama, tazarar ɗan yatsa tsakaninsa da gafaka, ya ƙi sauka.

"Ɗora mana, ɗana," in ji Malam.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya."

"Ina jin ka."

"Alli yana ciki?"

"Wane alli?"

"Na makaranta. Ina aji uku na ɗauki guda biyu a teburin malaminmu."

Baranda ta kwashe da dariya. Malam ya sunkuyar da kai yana shafa gemu. Saje ya jingina da kujera, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo.

"Alli biyu. Magatakarda, ka ji babban ɗan fashi. Sai me kuma?"

"Da ƙwan zabi, ranka ya daɗe. A daji na tsinta, amma ina zaton na san mai zabin."

"Nawa?"

"Bakwai. Ɗaya ya lalace."

"Allah ya ji ƙan na bakwai ɗin. Ci gaba, yau ba ma sauri."

A nan ne zan faɗi abin da ya fi ba ni kunya. Daɗi na ji. Duk wanda aka taɓa matse wa maruru ya san yadda ake ji in ya fashe. Kwana uku ƙirjina a ɗaure, yanzu kowace kalma ta fita sai in ji na ƙara sauƙi, mutane kuma suna dariya irin ta so, wani ma daga baya yana cewa, "Kai, wannan bawan Allah ne." Na fara ganin kaina wani waliyyi. Na faɗi mangwaron gidan liman. Na faɗi igiyar guga da na ara ban mayar ba. Bakina ya riga ya kama gangara.

"Da kwandon mazarƙwailar Kawu, wanda ni da Sule muka ɓoye a cikin rake, aka kori Mamman a kansa."

Da kunnena na ji sunan Sule yana fita, kamar wani ne ya faɗa. Dariya ta ɗan ci gaba a can baya wurin waɗanda ba su ji ba, sannan ita ma ta mutu. Har kukan kurciya a kan rufin ofis sai da na ji.

Saje ya janye ƙafarsa ya zauna daidai. "Wane Sulen?"

Duk idanu suka nuna masa. Sule yana tsaye da takardarsa a hannu biyu. Saje ya miƙa hannu ya ce, "Kawo." Ya kawo.

Na rarrafa wajen tebur. "Ranka ya daɗe, ni ku hana ni. Shi matarsa ta kusa haihuwa, ba su da ko tiya ɗaya a gida."

Saje ya daɗe yana kallona. Ina ganin tausayi ne ya sa ya buɗe mini ƙofa, don a hankali ya yi maganar. "Ka ga, wannan mutumin ya dafa Alƙur'ani ya ce bai taɓa ɗauka ba. Kai ba ka dafa komai ba tukuna. Wataƙila rana ce ta buge ka, ka haɗa shi da wani. In ka ce kuskure ka yi, bai san zancen ba, zan mayar masa da takardarsa yanzu. Kuskure ka yi?"

Kalma ɗaya ake nema. Kowa a wurin ya gane abin da Saje yake yi, har Malam ya kawar da kai yana duban wani wuri don ya ba ni sarari. Sule yana tsaye, leɓensa yana motsi. Ni kuwa ina durƙushe, gafaka tana gefena, zuciyata tana ce mini ƙarya a nan wurin ai daidai take da rantsuwar da na gudu.

Na ce, "Ban yi kuskure ba, ranka ya daɗe. Tare muka ci."

Wani a cikin 'yan kallo ya ja tsaki mai tsawo. Har yau ban san ko wane ne ba, amma na san ya yi daidai.

Kawu ya tashi. Bai dube ni ba. Ya zo gaban tebur, ya gaida magatakarda kamar yanzu suka haɗu, ya ce a ba shi takardun nan biyu.

"Na ofis ne, Baba."

"Takarda taku ce. Yatsan nawa ne."

Magatakarda ya dubi Saje, Saje ya ɗaga masa gira. Kawu ya karɓa, ya yage kusurwar da ya dangwala a kowacce, a hankali, yana bin gefen tawadar, ya zuba guntayen a aljihu, ya mayar da ragowar. Sai ya ce, ba da kowa yake ba, "Ashe ba Mamman ba ne. Na kira shi ɓarawo a gaban mutane." Ya ɗauki kekensa ya tura shi da hannu, bai hau ba har ya sha kwana.

Ni kuma (ka ji ƙarfin hali) sai na tambayi Saje ko tunda na faɗi gaskiya za a duba lamarina in na sami wani mai tsayawa.

"Gaskiya kam kana da ita," in ji shi. "Amma ba zan ba ka ƙofa ba. Kai in ɓarawo ya yi maka sallama ya tambayi inda makulli yake, faɗa masa za ka yi, har ka ƙara masa da wanda bai tambaya ba. Na gaba."

Hanya ɗaya ce zuwa Kwanyawa, dole muka bi ta tare da Sule, shi a gaba ni a baya. Mun yi nisa kafin ya tsaya ya juyo. Na zaci duka zai kawo, har na so ya kawo.

"Ka yi wanka tas yanzu ko?"

"Sule, ka yi haƙuri. Bakina ne."

"A'a, na farko bakinka ne. Na biyun kai ne." Ya goge fuska da hularsa. "In Ladi ta haihu zan aiko a karɓi gaskiyarka a dama mata kunu da ita."

Kafin in isa gida labari ya riga ni, matan da suka dawo daga kasuwa sun kai. Inna tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, can ta ce, "Har allin ma sai da ka faɗa?" Daga ranar ba ta je Ruwan Bago ba sai da shekara ta zagayo.

Sule bai jira haihuwar ba. Sati biyu bayan nan ya bi motar masu ci-rani zuwa kudu, aka yi suna ba ya nan. Na kai ɗan geron da na iya, surukarsa ta karɓa ta ajiye a bayan ƙofa ba ta ce mini ko sannu ba. Shekara huɗu ya yi kafin ya dawo, da tari a ƙirji. Muna gaisawa har ya rasu, gaisuwa cikakkiya, da tambayar gida da gajiya, ba ta taɓa wuce nan ba. Kawu kuwa an ce duk kasuwar da ya kai mazarƙwaila sai ya tambayi 'yan ci-rani ko sun san wani Mamman mai iza wuta. Masu suna Mamman sun yi yawa. Mu kuma muka ci ranin nan da rama da ɗan abin da nake samu a dakon itace.

Daga baya na je wurin malamin da ya riƙe gafaka, don in ji ko na sami lada. Ya ce ƙin rantsuwar ƙarya abu ne mai kyau, kuma ba zai ce mini da na yi ƙarya ba. Amma ya tambaye ni wa ya hana ni cewa ba zan iya rantsewa ba, in tashi in tafi gida da bakina a rufe. Wallahi sai a lokacin na ga ashe akwai wannan hanyar. Kwana uku ina tunani dare da rana, ban hango ta ba.

Abin da na koya bai da yawa. Laifin da kuka yi ku biyu, rabonka kaɗai kake da ikon fitarwa, shi ma a zaure, gaban mai haƙƙi, ba gaban taro ba. Kuma in kana tuba ka ji daɗi ya fara yi maka yawa, to ka tsaya haka nan, wani za ka kayar. Har yau a Kwanyawa in mutane suna wata magana na yi sallama, sai su amsa da fara'a, su gyara mini wuri, su koma zancen damina. Ban taɓa jin haushinsu ba. Ni ma in na ga mai irin halina ya doso, zancen damina nake yi.